Gwangwanin Mushe Yan

Babbar jaka ɗaya, ƙarama ɗaya. A babbar akwai atamfa turmi uku, sabulun wanka, ganyen shayi, man zafi na gwiwar Inna, tabaran karatu, alewa, takalman roba na yara, da gwangwani biyu shuɗaye masu hoton jirgin ruwa. A ƙaramar akwai fasfo, waya, caja da goran ruwa.

Gwangwani ɗaya gishiri ne. Ɗayan mutum ne.

Motar Belbeji ta sauke ni a mararrabar garinmu, Gidan Tanko, rana tsaka. Daga nan babu gudron, kwalta ta ƙare, sai yashi. Ƙanena Abdulgani yana jirana a gindin aduwa da moto, wato babur ɗinsa. Kafin in gama gaisawa da mai shayin wurin, har ya ɗaure babbar jakar a baya da roba.

"Yaya, sai dai ɗaya bayan ɗaya," in ji shi. "Yashin nan ba ya ɗaukar ni da ke da wannan giwar. In kai ta, in dawo in ɗauke ki."

"Akwai abin da zan ciro a ciki."

"Mene ne? In kwance?"

Mai shayi yana kallona, mutanen kan benci ma haka. Gwangwanin yana can ƙarƙashin atamfa. Sai an zube komai a ƙasa kafin a kai gare shi, kuma kowa zai tambaya.

"Bar shi. Amma kada kowa ya buɗe jakar sai na zo."

"To."

Na san nauyin wannan "to" ɗin a gaban Inna. Kwaɗon jakar kuwa tun a filin jirgi ya karye. Ya tayar da moto ya shige cikin gonaki, ina kallon jakar tana rangaji har karan gero ya rufe su.

Daga Yamai zuwa Zinder a cinyata na riƙe gwangwanin. Na kasa cin abinci, na kasa rufe ido. A Zinder na tura shi cikin babbar jakar, na ce ya isa haka.

Mushe Yan ne a ciki, ko dai wani ɓangare nasa. Bafaranshe ne, Mushe kuwa kamar a ce Malam ne a yarensu. Yana saurayi ya zo garinmu a shekarun fari, kafin a haife ni, ya haƙa rijiya tare da samarin gari. Har yau Rijiyar Nasara ake ce mata, kuma ita kaɗai ce mai ruwan daɗi a yankinmu. Sauran duk zartsi ne. Daga baya ya zama malamin jami'a a Rennes, can Faransa. Da na gama lise, wato sakandare, a Zinder, shi ya nemo mini gurbin karatun ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma a gidansa na zauna har na gama. Bara ya rasu, ina Zinder ina aiki. Na yi wa matarsa, Madam Anik, ta'aziyya ta waya.

Bana aiki ya mayar da ni Faransa wani taro. Da aka tashi, Madam Anik ta ce in ba ta ƴan kwanaki. Ta ce duk zaman da na yi a yankinsu na Bretagne, aji da ɗakin karatu kawai na sani, ban ga ƙasar ba. Gaskiya ta faɗa.

Ta ɗauke ni a ƙaramar motarta. Mun bi ƙauyuka masu gidajen dutse da shanu masu ƙiba kamar ba su taɓa jin sunan rani ba. Ta kai ni wani fili inda aka kakkafa manyan duwatsu a jere tun kafin a san rubutu, kuma ba wanda ya san dalili. Mun shiga wani tsohon coci da aka rataya ƙananan jiragen katako a rufinsa, na waɗanda teku ta dawo da su gida. Na ga teku ta janye da safe har jiragen kamun kifi suka kwanta a laka, da yamma ta dawo kamar ba ta je ko'ina ba. Mun ci wata waina mai faɗi ta baƙin gari. Ruwan sama bai daina ba, kuma ba wanda ya ɗaga kai ya gode.

A ƙarshe ta kai ni inda ake yin gishiri. Fadama ce a bakin teku, an yanka ta fage-fage kamar lambun albasa. Maza suna jan gishirin da doguwar manjagara ta katako, yana fitowa toka-toka, da laima. Na tuna kantun gishirin Balma da ake saukewa a kasuwar Tanut. Ta sayi gwangwani biyu. Na ɗauka duk tsarabata ce.

Ranar da zan tafi, muna zaune a mota a bakin tashar jiragen ruwa, ta ɗora mini su a cinya. Ɗaya an naɗe murfinsa da salatif, an ɗiga jan farce a gindinsa.

"Wannan Yan ne," ta ce. "Na juye gishirin don kada ƴan duwan masu binciken kaya su dame ki. Sauransa yana teku. Wannan ya ce a kai bakin rijiyarsa."

Na san ƙona shi aka yi. Ban taɓa tunanin zan riƙe abin da ya rage ba.

"Madam, ruwan sha ne."

"Ba a ciki ba. A gefe."

Ba ta yi kuka ba. Matar da ta ciyar da ni shekara da shekaru, ba ta taɓa roƙona komai ba sai wannan. Na karɓa.

A gindin aduwa na zauna ina juya abin a raina. In garinmu ya ji an shigo da tokar mutum, an zuba ta kusa da rijiya, ba wanda zai sake jefa guga a ciki. Mata za su koma ruwan zartsi, ko tafiyar rabin wuni da jaki. Kuma za a ce ƴar Inna ce ta kawo. Wannan ma in an zuba ta a ƙasa ke nan. In kuwa aka raba ta a matsayin gishiri, ban ma yarda na ƙarasa tunanin ba.

Abdulgani bai dawo ba. Na kira shi, babu rezo. Na hau tudu na ɗaga wayar sama, babu.

"Madam, zauna ki sha shayi," in ji mai shayi. "Ƙaninki in ya ce yanzu, la'asar yake nufi."

Wata amalanke ta zo da dammunan gero za ta garinmu. Na roƙi mai ita, na hau saman kayan. San da ke jan ta yana tafiya kamar an roƙe shi. Na so in sauka in yi gudu, amma na san yashi zai kayar da ni kafin in yi nisa. Kaka ce, mutane suna gonaki suna yanka, duk wanda ya hango ni sai ya ɗaga hannu. Na riƙa ɗaga nawa.

A ƙofar gidanmu na tarar da moto a jingine, tayar baya a kwance, Abdulgani a tsugune yana neman inda ta huje.

"Yaya! Wallahi ƙaya ce. Ina shirin..."

"Ina jakar?"

Ya sunkuyar da kai. "Na faɗa wa Inna."

"Ta ce me?"

"Ta ce jakar ƴarta ce ko tawa?"

Tsakar gida cike take da mata. Aka rangaɗa guɗa. Jakar tana kan tabarma, baki buɗe, babu komai a ciki. Ni ce ƴar fari, don haka Inna ba ta faɗin sunana, ba ta kallon fuskata a gaban mutane, kuma ba ta riƙe ko allura daga abin da na kawo. Kara ce. Tsarabata ba ta kwana a ɗakinta. Tun ina lise haka take yi, kuma na sani sarai.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa tana kallon bango. A gabanta akwai ƙulle-ƙulle a baƙar leda, ƙanana, a jere cikin faifai. Wasu matan har sun ɗaure nasu a bakin zane. Gefe guda ga gwangwani shuɗi, murfinsa a ƙasa.

Na ɗauke shi na kifa. Babu jan ɗigo. Na leƙa ciki, ƴan ƙwayoyi masu laima sun manne a gindi. Gishiri.

"Dubi yadda take leƙen gwangwani," in ji Hajiya Salamatu, ƙawar kakata, wadda tun ina ƙarama take kirana kishiya. "Ke kishiya, ba mu cinye ba, ga shi nan a ƙulle. Nasara sun koya miki rowa?"

Mata suka yi dariya. Na yi ƙoƙarin yi.

"Ina ɗayan?" na ce.

Inna ta juya wajen Nafisatu, matar Abdulgani. "Ki gaya mata an kai wa Baffanta. Babba ba a ba shi ƙulli. Wanda ba a fasa ba shi ne nasa."

"Yaushe?"

"Tun ɗazu," in ji Nafisatu. "Maigidan ne ya kai da ƙafa, shi ya sa bai koma da wuri ba."

Na miƙe. "Zan je in karɓo."

Hajiya Salamatu ta daina tauna goro. Inna ta juyo ta dube ni ido cikin ido, abin da ban tuna rabon da ta yi ba.

"Abin da ya shiga hannun babba? Wan ubanki?"

"Kuskure aka yi, Inna. Ba na rabo ba ne."

"A jakar tsaraba yake ko ba a ciki yake ba?"

"A ciki yake."

"To wanda ya yi kyauta ya karɓe, kin san da abin da aka kwatanta shi. Ko karatun ya goge miki wannan ma?"

"Zan musanya masa da wani."

"Ki zauna ki sha ruwa."

Ban zauna ba. Ina fita na ji Hajiya Salamatu tana cewa, "Ku bar ta. Wataƙila zinariya ce a ciki, mu aka bai wa gishirin."

Gidan Baffa Idrisa yana ƙarshen gari, sai an wuce rijiya. Na wuce ta ban rage tafiya ba. Shanu biyu suna jan igiya, babban guga yana fitowa yana zubar da ruwa, mata suna jere da jarkoki, Fulani da Buzaye suna jira da dabbobinsu a bayan kwami. Simintin da ke kewaye da bakinta ya tsattsage amma yana nan. Baffa yana cikin samarin da suka haƙa ta, kuma cikinsu shi kaɗai ya rage.

A hanya na shirya ƙarya. Zan ce ƙasar gwaji ce ta aiki, za a auna ta a Zinder. Aikina ke nan, ba wanda zai musa. Zan karɓi gwangwanin in koma. Abin da zan yi da shi bayan nan, ban sani ba.

Iya Yagana, matar Baffa, tana bakin murhu tana kaɗa miyar kuɓewa.

"Maraba da mutanen Faransa! Ke, haka suka rame ki? Ba su da tuwo?"

"Ina wuni, Iya. Baffa yana ciki?"

"Yana ciki da gishirinki. Na ce ya ɗan sam mini in zuba a miya, ya ce wai na teku ne, magani ne, sai ya fara gani. Tsohon nan in ya samu abu kamar yaro. Ki ce masa tukunyata tana jira."

Ɗakin Baffa yana gefen zaure, ƙofarsa ta langa-langa a buɗe. Na yi sallama na shiga kafin a amsa.

Yana zaune a kan buzu, gwangwanin a tsakanin ƙafafunsa. Salatif ɗin yana ƙasa a yanke, ga wuƙa a gefe. Ya buɗe murfin, ya kwance bakin ƴar jakar ƙyallen da ke ciki. A tafin hannunsa na hagu akwai ɗan tsibi fari-fari, kamar tsakuwar da aka daka. Ya riga ya lashi ɗan yatsansa na dama zai dangwala.

"Baffa, kada!"

Ya tsaya, yatsan a sama. "Zuhaira? Haka ake shigowa yanzu?"

Na durƙusa. "Ka gafarce ni. Kada ka sa a baki."

"Guba ce?"

"A'a."

"To me ya same shi? Na ga dai bai yi kama da wanda na sani ba. Ba shi da laima ko kaɗan."

Ƙaryar tana bakina, a shirye. Na dubi hannunsa. In na faɗe ta, zai kaɗe tafinsa a ƙasa, ya goge a riga, Iya Yagana ta share gobe da safe ta zubar a juji.

"Ba gishiri ba ne. Mushe Yan ne."

"Shi ya aiko? Ai kin ce ya rasu."

"Ya rasu. Shi ne wannan."

Bai gane ba, sai da na yi masa bayani. Na rage murya don kada Iya ta ji. Na gaya masa yadda wasu suke yi a can, da abin da matarsa ta roƙe ni, da yadda gwangwanin ya faɗa cikin tsaraba. Ban ƙara ba, ban rage ba.

Hannunsa na hagu bai motsa ba. Ya riƙe shi a buɗe, nesa da jikinsa.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce. Ya sake faɗa. "Da wuta?"

"Da wuta."

"Laifin me ya yi musu?"

"Ba laifi. Shi ya zaɓa."

"Shi ya zaɓa." Ya daɗe yana kallon tafinsa. "Mutumin da ko shayi ya yi zafi sai ya hura."

Daga waje Iya Yagana ta ɗaga murya. "Malam! Gishirin nan sai na kawo takardar kantoma?"

"Ina zuwa!" ya ce.

A hankali ya karkata hannunsa a bakin jakar ƙyallen, ya juye. Ya sa gefen wuƙa ya kankare abin da ya maƙale a layukan tafinsa, ƙwaya bayan ƙwaya. Ya ɗaure bakin jakar, ya mayar da murfin.

"Uwarki ta sani?"

"Ba wanda ya sani sai kai."

"Da ba a kawo mini ba fa? Me za ki yi?"

"Ban sani ba. Na yi alkawari. Wataƙila in je da sassafe in zuba a gefe."

"Wataƙila." Ya girgiza kai. "Akwai sassafen da ba kowa a rijiyar nan? Kafin ki juya baya an ce kin zuba sammu. Kafin azahar an ce mushe ne a ciki. Kin san garinku."

"Na sani. Shi ya sa ban yi barci ba tun da na karɓa."

"Kin ga simintin da ke bakinta? Faɗa muka yi da shi a kan wannan. Mu mun ce ruwa ya fito, aiki ya ƙare. Shi ya ce sai an kewaye. Ya hana a yi wanki a wurin, ya hana a ɗaure jaki. Wata rana wani Bafillace ya tofar da yawu kusa da bakin, ya bi shi da gudu yana zagi da Hausarsa ta ƴan koyo, duk gari ana dariya. Ya ce ko ƙwayar ƙasa kada ta faɗa. Shi ne yanzu zai ce a zuba shi a can?"

"Haka matarsa ta ce ya ce."

"Tsufa ne ya faɗa. Ni wancan na sani."

Ya miƙa hannu kan igiya ya sauko da farin rawaninsa na Juma'a. Ya shimfiɗa shi a kan buzu, ya ɗora gwangwanin a tsakiya, ya fara naɗewa.

"Baffa, Inna ta ce ba a karɓe kyauta."

"Ta yi gaskiya. An ba ni, nawa ne. Ba za ki fita da shi ba."

Na ji wani abu ya sauka daga kafaɗata, wani kuma ya hau. "Matarsa za ta tambaye ni."

"Me za ki ce mata?"

"Abin da aka yi. Ba zan ce mata na zuba ba."

"In ta yi fushi?"

"Ta yi."

Ya dube ni, ya ci gaba da naɗi.

Muka ji takun silifa yana matsowa. "Ni dai zan shigo in ɗiba da kaina," in ji Iya Yagana. "Ku da ba ku san zafin murhu ba."

"Zuhaira za ta kawo miki ƙulli daga wurin uwarta," Baffa ya ce da ƙarfi. "Wannan ba na miya ba ne."

"Na mene ne?"

Ya dafa bango ya miƙe, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya ja ƙofar langa-langa ya rufe, ya sa sakata. Ɗakin ya yi duhu, sai ɗan hasken da ke shigowa ta ƙasan ƙofa.

"Ba zai je rijiya ba," ya ce. "Ba zai je maƙabarta ba, don ba zan yi masa sallar da bai nema ba. Gobe zan haƙa masa a gonata ta kan tudu, inda ake hango shanu suna jan guga. Rami sosai, irin na mutum. Ke za ki riƙe mini shi har in gama."